Karan Awon Kuluwa

Ga labari nan zan kwance muku, amma ina roƙon alfarma: duk wanda ya miƙe ƙafa ya ɗan tanƙwashe ta har mu gama.

A bayan birnin Yalwatu, inda kwalta ta ƙare aka shiga jan burji, akwai wata maƙabarta da ake kira Tudun Hubbare. A da daji ne wurin, har kura tana kuka, amma gari ya yi ta rarrafowa har ya kewaye ta da gidajen bulo da shagunan masu walda. Ba don faɗinta ta yi suna ba, sai don manyan da ke kwance a cikinta. Akwai hubbaren Barde Ci-da-Wuta, wanda aka ce shi kaɗai ya tare ƙofar gari da mashi. Akwai na Madugu Na-Hansatu mai raƙuman da ba su ƙidayuwa, ga na malamai da attajirai, kowanne da farar ƙubbarsa tana ƙyalli a rana. Mutane kan ciko motoci daga nesa su zo ziyara, su ƙona turare, su ƙulle ƙasar wurin a bakin zane su tafi da ita. Can bayan ƙubbobin kuwa, inda mai ziyara ba ya ƙarasawa, nan kaburburan talakawa suke, kowanne da fasasshiyar tukunya kife a kansa.

Abin da masu ziyara ba su sani ba shi ne, a ƙarƙashin tudun akwai wani gari na aljannu mai suna Birnin Kara. A al'adar Yalwatu, idan mutum ya rasu, akan samo karan dawa a auna gawarsa daga kai zuwa tafin ƙafa, a karye shi daidai tsawonta, a kai wa masu haƙa su fitar da kabari. Ba a komawa gida da karan, tare ake binne su. To duk karan da aka binne, gara ce ke jan sa ƙasa ta kai shi Birnin Kara, kuma duk wanda karansa ya isa can, ƙasa ta riga ta sa shi cikin nata.

A wata unguwa da ke jikin katangar maƙabartar akwai wasu marayu biyu, Sahura da ƙanwarta Kuluwa, suna hannun kakarsu Iya Tabawa, wata 'yar guntuwar tsohuwa da su biyun suka riga suka wuce ta tsawo. Duk Sallah Iya takan jingina su da bangon ɗaki ta ja wa kowacce layi da gawayi a saman kanta. Ko yaushe layin Sahura yana sama da na Kuluwa da taƙi guda, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan aka buɗe hannu. Kuluwa takan yi ɗage don ta kamo yayarta, Iya ta danna mata kai tana dariya, ta ce, "Sauka, 'yar nema! Tsawo ba a sato shi."

Wata safiya Iya Tabawa ta cika. Aka rufe ta da zane a ɗakinta, aka sakaya ƙofa. Kuluwa ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta sulale ba wanda ya gani, ta shige cikin zanen ta kwanta a jikin kakarta, barcin wahala ya kwashe ta a miƙe. Can sai ga Kawu Sallau, ƙanen Iya, ya shigo da kara a hannu. Tsoho ne mai yanar ido, ga hawaye, ga ɗakin ba taga. Ya lalubo kai, ya lalubo ƙafa, ya karye kara, ya fita. Da aka je binnewa sai kabarin ya fi Iya tsawo. Masu haƙa suka ce tsufa ne ya ƙanƙance ta, suka jera itace da tukwane, suka ɗora karan a kai, suka mai da ƙasa.

Tun daga ranar Kuluwa ba ta sake ɗumi ba. Jikinta ya yi sanyi kamar gindin randa, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan Sahura ta tsefe mata kai sai yashi ya riƙa zubowa. Ta daina cin abinci, ta daina wasa, ba ta kwanciya sai a kan hannun dama tana fuskantar gabas, ƙafafu a haɗe. An kai ta asibiti an ce ba a ga komai ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza.

Rannan Sahura tana wanke-wanke sai ta ji matan gidan suna hirar kabarin da ya fi mai shi tsawo. Ta tuna inda ta tarar da Kuluwa a ranar rasuwar. Ta bar kwanukan da kumfa, ta sami Kawu Sallau a zaure, ta durƙusa.

"Kawu, don Allah, ranar da ka auna Iya, me ka ji a hannunka?"

Tsoho ya murza carbinsa. "Me zan ji, 'yar nan? Ƙafa ce. Sai dai na ji ta da ɗumi, na ce a raina baiwar Allah ba ta gama hucewa ba."

"Kawu, ƙafar Kuluwa ka taɓa, ita ka auna."

Carbin ya faɗi ƙasa. Kawu Sallau ya yi ta salati, ya tashi ya nufi wajen dattawan unguwa. Suka ce ba a tone kabari saboda kara, wannan zancen mata ne, a dai ci gaba da addu'a. Ya dawo ya zauna ya rufe fuska da hula.

Sahura yarinya ce mai tsoro, ko tsaka ta gani a bango sai ta canza ɗaki. Kuma a Yalwatu mace ba ta wuce ƙubbobi ta shiga wajen kaburbura. Amma da ta leƙa ta ga leɓen Kuluwa ya fara yin launin toka, sai ta ɗaura zane tamau, ta fita da rana tsaka, lokacin da masu ziyara suka watse zuwa inuwa, mai gadi ya tafi alwala. Ta bi ta inda katanga ta rushe, ta ratsa tsakanin fararen ƙubbobi har ta isa wajen talakawa. Ta gane kabarin Iya da tukunyar miyarsu mai tsagaggen baki. Ta yi sallama, ta yi addu'a, sannan ta fara tonon gefen da yatsunta tana kuka.

"Bar wahalar da kanki, 'yar Adam. Abin da kike nema ya daɗe da sauka."

Ta waiwaya ba ta ga kowa ba. Sai ga wata gara ta fito daga ƙarƙashin tukunyar, girmanta ya kai ɓera, kanta ja kamar garwashi.

Sahura ta ce, "Ke ce kika yi magana?"

"Ni ce, kuma ni na ja karan da bakina. Ya yi mini nauyi, domin karan mai rai ne, ruwa bai gama fita daga cikinsa ba."

"To ki dawo mini da shi, don girman wanda ya halicce ki."

"Ba a aike ni mayarwa ba, kaiwa kawai na sani. In kina da magana, ki faɗa wa Sarkin Awo. Zan kai ki, amma ki riƙe abu guda: a ƙasarmu kada ki kuskura ki miƙe, ko a tsaye ko a kwance. Duk abin da ya miƙe a can, auna shi ake yi."

Garar ta wuce gaba, Sahura na biye, har ƙofar hubbaren Barde Ci-da-Wuta. Ta ce, "Ta nan ake shiga. Manyan nan sun daɗe da zama ƙasa kamar kowa, ɗakunan ne suka rage, sai namu suka tare a ciki suna shan turaren da ake ƙona wa masu su."

Suna shiga sai daɓen ya buɗe kamar baki. Suka gangara ta wani rami mai duhu, Sahura a sunkuye, hannayenta a gwiwa. Ramin ya fitar da su wani fili da sararinsa jan ƙasa ne, ba rana ba wata, sai wani haske mai kama da na gobara daga nesa. Takubba da mashi ne suka tsiro a filin kamar ciyawa. A tsakiya ga wani ƙaton aljani a kan dokin da ba shi da fata, ya yafa sulken Barde, idanunsa suna hayaƙi.

Ya daka tsawa, "Wace ce wannan mai tafiyar kunkuru a filin maza? Ke 'yar gidan wa?"

Sahura ta ce, "Ranka ya daɗe, jikar Tabawa ce mai ƙosai, wucewa zan yi."

"Mai ƙosai! Shi ya sa. Zuriyar durƙuso a gaban kasko! Na san kakarki, har ta mutu ba ta taɓa duban mutum ido da ido ba. Uwarki ma haka, ubanki ya fi su. In akwai ɗigon jinin 'ya'ya a jikinki, ɗago ki tsaya ki dube ni, in ba ki hanya da girma."

Maganar ta soki Sahura har cikin ƙashi. Ta ji bayanta yana son tashi da kansa. Sai ta hangi wasu mutane jere a gefen filin, sun tsaya ƙyam, ƙirji a gaba, ido a buɗe, ƙasa ta cika musu baki. Ta ƙara duƙar da kai.

"Duk abin da ka faɗa na ji, ranka ya daɗe. Ƙosan Iya dai ya ciyar da mu. A ba ni hanya ko ba girma."

Aljanin ya yi ƙara, ya kawo mata sara da takobi. Takobin ya wuce ta saman kanta, daidai inda wuyanta zai kasance da a tsaye take. Doki da mahayi suka tarwatse suka zama ƙura, sulken ya faɗi ƙasa, ba kowa a ciki.

Suka ci gaba. Suka ratsa wani kwari da ruwan wankan gawa yake gudu a cikinsa, yana ƙamshin magarya, garar ta hau kanta suka haye. Suka bi ta wata kasuwa da ba a sayar da komai sai farin yadi, masu sayarwa ba su da fuska, kowa ta wuce sai ya ware hannu yana gwada ta daga nesa. Daga nan suka faɗa hamadar toka. Tafiya ta yi tafiya. Bayan Sahura ya ɗauki zafi kamar an ɗora mata dutsen niƙa, wuyanta ya ƙage, ƙafafunta suka kumbura.

Can sai ga zango, raƙuma na ƙashi zalla sun durƙusa suna tuƙa. Wani aljani mai fara'a ya taryo ta sanye da rawanin Madugu Na-Hansatu, muryarsa kamar zuma.

"Maraba da baƙuwa, maraba da 'yar halak! Kai, wannan tafiya ta ci mutum. Mu nan ba ma barin matafiyi ya wuce bai huta ba. Shigo, 'yata, ga shimfiɗa."

Ya ɗaga labulen tanti. Gadaje ne jere, masu laushi, an lulluɓe su da fararen zannuwa, iska mai sanyi tana kaɗawa. Sahura ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ta so gadon nan ba.

"Ɗan kishingiɗa kawai," in ji shi. "Ki saki bayan nan ya sha iska. Wa zai sani?"

Ta kai hannu ta taɓa gadon. Sai ta lura ƙunci gare shi, faɗin mutum ɗaya ba juyi, kuma dukkan gadajen gabas suke fuskanta. Ta tuna kwanciyar Kuluwa. Ta janye hannunta, ta tsuguna a ƙasa ta rungume gwiwoyinta.

"Na gode da karamci, ranka ya daɗe. Mu a gidanmu a tsugune muke hutawa."

Fara'ar ta zube daga fuskarsa kamar tsohon shafen bango. Ya ce, "Za ki kwanta dai, ko ba a nan ba." Tantin ya naɗe kansa, raƙuman suka watse ƙashi-ƙashi.

Bayan hamadar sai ga Birnin Kara. Ganuwarsa shuri ce da ta kai sararin jan ƙasa, gara na shiga suna fita ta ƙofofi, kowacce da kara a baki. A cikin ganuwar babu gida ko ɗaya, sai wata gona da ido ba ya ganin ƙarshenta, an kafa busassun karare a tsaye, dogaye da gajeru, har da 'yan ƙanana da ba su wuce tsawon hannu ba. Iska na ratsa su suna wata irin kuwwa kamar taron masu makoki.

Garar ta nuna mata wani siririn kara da ya fara ruɓewa. "Ga Barde Ci-da-Wuta. Wancan na kusa da shi na wani kuturu ne da ya mutu a bakin kasuwa. Ko ni sai na duba da kyau nake bambance su."

Sahura ba ta tsaya kallo ba, domin ta hango wanda ta zo nema. A cikin duk gonar kara ɗaya ne ke da sauran kore a jikinsa, koren ma ya janye ya koma can ƙasa kusa da gindi. A gefensa wani abu ne tsaye da ta ɗauka itace ne, sai da ya juyo. Dogo ne siriri, ba shi da gwiwa, ba shi da gwiwar hannu, babu gaɓar da ke tanƙwaruwa a jikinsa. Idan zai dubi ƙasa sai dai ya karkato gaba ɗaya kamar bangon da zai faɗi. Shi ne Sarkin Awo.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, an daɗe mai numfashi bai taka gonata ba. Faɗi buƙatarki a taƙaice."

Ta zube a gabansa. "Ranka ya daɗe, wannan karan na ƙanwata ne, kuma tana da rai. Kuskure aka yi."

"Mun sani. Ba mu muka auna ba. Ku kuka auna, ku kuka karya, ku kuka binne da hannunku. Mu ba ma zalunci, ba ma kuma yafiya. Kara ya zo, mai shi za ta biyo. Idan koren nan ya ƙare, ta iso."

"To a ba ni shi in tafi da shi."

"Abin da ya sauko ba ya hawa."

"To in karya shi."

"Karya, ki ji yadda bayanta zai ce ƙas a kan tabarma."

Sahura ta kifa goshi a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Sarkin Awo ya jira, ba tausayi ba gajiya. Da ta tsagaita ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ce ba ku zalunci. Ashe babu wata ƙofa ko ɗaya?"

Karare suka yi tsit. Ya ce, "Akwai. Kara na wanda ya yi wa daidai ne. In ta daina yin daidai da shi, ba shi da hakki a kanta. Sai dai tun ranar da aka auna ta girmanta ya tsaya. Amma jini ɗaya kuke. Ki ba ta daga tsawonki, mu ɗauka mu kai mata. Taƙi guda muke karɓa, ba ragi ba ƙari."

Sahura ta buɗe baki za ta amsa da murna, sai bangon ɗakin Iya ya faɗo mata a rai, da layukan gawayi biyu, da tazarar da ke tsakaninsu. Ta ɗaga ido a hankali.

"In na ba ta taƙi guda, ita ta wuce karan. Ni kuma na sauko daidai shi."

Wani sauti ya fito daga Sarkin Awo kamar ana taka busasshen ganye. Dariyarsa ke nan. "Gonata ba ta asarar kara. Zaɓi naki ne, jikar Tabawa. Hanya a buɗe take, kina iya komawa da tsawonki ki tarar da makoki."

Ta dubi koren. A gaban idonta ya ƙara ja baya. Tsoro ya cika ta, ba kuma wata dabara da ta zo mata. Ta ce, "Ku ɗauka."

Gara suka taso kamar ruwa suka rufe ta. Ba fata suka ci ba, ƙashi suka shiga. Ta ji ana gutsurar ta a ƙwauri, a cinya, a kowace gaɓa ta gadon bayanta. Ta cusa bakin zane a baki don kada azaba ta sa ta banƙare, ta dunƙule kamar bushiya har suka gama suka janye. Da ta buɗe ido, koren karan ya ɓace, ya bushe ƙayau kamar sauran.

Sarkin Awo ya tumɓuke shi ya shimfiɗa a ƙasa. "Ƙanwarki ta tashi. Saura ke. Kwanta a gefensa ki miƙe, mu tabbatar."

Sahura ta dubi karan, ta dubi gwiwoyinta da ke manne da ƙirjinta. Ta tuna gargaɗin da garar ta yi mata a bakin kabari. Da wata 'yar murya ta ce, "Ranka ya daɗe, kun taɓa miƙar da mai rai da ƙarfi?"

"Ba ma taɓa mai rai. Shi ke miƙewa da kansa."

"Kun taɓa auna wanda bai miƙe ba?"

Ya ce, "Ba a auna tanƙwararre."

"To ni ban miƙe ba, ranka ya daɗe. Kuma ba yau ba."

Gonar ta ɗauki kuwwa. Sarkin Awo ya karkato har fuskarsa ta kusa taɓa tata, numfashinsa warin rami. "Kin san abin da kika ɗauka? Ɗan Adam yana farkawa ya yi miƙa bai sani ba. Yana jin kiran sunansa ya zabura. Za ki gaji, yarinya. A duniyarku ko a tamu, ranar da bayanki ya miƙe, karan nan yana gefenki."

"Na ji."

"Mu ba ma gaggawa." Ya dubi garar mai jan kai. "Bi ta. Ki zauna a bangon ɗakinta, kada ki ɗauke ido."

Ƙasa ta juya da ita. Sai ga ta tsugune a gaban tukunyar Iya mai tsagaggen baki, ana kiran La'asar, masu ziyara sun dawo suna ƙona turare a hubbaren Barde. Ta bi ta tsakaninsu a duƙe, wani ya miƙo mata sadaka yana zaton tsohuwa ce.

A tsakar gida ta tarar da Kuluwa zaune tana cin ɗumamen tuwo hannu baka hannu ƙwarya, zanenta ya ɗage mata har ƙwauri. Kawu Sallau yana gefe yana kuka yana dariya.

Kuluwa ta taso da gudu. "Yaya! Ina kika shiga? Dubi, na yi tsawo! Tashi mu gwada, wallahi yau na kamo ki!"

"Kin kamo ni, Kulu. Kin ma wuce."

"To miƙe mana in gani! Me ya sami bayanki?"

"Ciwo yake. Bari sai wani lokaci."

Sahura ba ta daɗe tana ɓoye mata gaskiya ba, domin tana buƙatar hannu. Da ta faɗa mata, Kuluwa ta ɗauki aikin a kanta. Daga nan kullum za a kwanta, ita ke ɗaure yayarta da tsohon zanen Iya, gwiwa da ƙirji, don kada barci ya miƙar da ita. A zaune Sahura take salla. Ba ta sake shanya a igiya ba, ba ta sake ɗauko abu a kan rumbu ba, ba ta sake ganin ƙubbobin Tudun Hubbare ba sai gindinsu. Yaran unguwa suka sa mata Mai Doro. Ta gaji kaskon Iya tana suyar ƙosai, sana'ar da ba ta neman tsayuwa. Da Kuluwa ta yi aure ta ce ba inda za ta sai da yayarta, aka ba Sahura ɗaki a gidan. A bangon ɗakin wani ɗan shuri ya tsiro. An rushe shi ya fi a ƙirga, yana dawowa, har Sahura ta ce a ƙyale shi, baƙuwarta ce.

Shekaru suka tafi. Kuluwa ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, ta yi furfura, sannan wata safiya ta riga yayarta gidan gaskiya. Da aka zo da kara, Sahura ta rarrafo ta tare ƙofa.

"Ba mai shiga sai an kawo fitila. A yaye zanen a ga fuska. A ƙirga yaran gidan nan, kowa ya amsa sunansa."

Aka ce tsufa ne, amma aka yi yadda ta ce. Ita ta riƙe ƙafar da hannunta har ta tabbatar ta yi sanyi, sannan ta bari aka karya.

Bayan an share makoki jikin Sahura ya ƙi daɗi. Abinci ya daina shiga, numfashi ya riƙa yi mata gardama, ta gane abin da ke tafe. Da hantsi ta sa jikar Kuluwa ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta ce a tafi da tsohon zanen a wanke, ba za a ƙara ɗaure kowa da shi ba. Da ɗakin ya zama ba kowa, garar mai jan kai ta fito daga shuri. Ita ma ta tsufa, jan ya koɗe.

Sahura ta ce, "Sannu da jira."

"Sannu da haƙuri, jikar Tabawa. Ban taɓa gadin wanda ya gajiyar da ni kamarki ba."

"Je ki gaya masa."

Ta yi kalmar shahada, ta kwanta a kan hannun dama. Ta saki ƙafa ɗaya, ta saki ɗayar. Gadon bayanta ya riƙa buɗewa gaɓa bayan gaɓa, yana ƙara kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Ta yi miƙa, doguwa, mai daɗi, irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa, har wani ɗan murmushi ya suɓuce mata.

Da aka shigo aka same ta a miƙe sambal, mutanen gidan suka yi mamakin ashe haka take da kyan tsayi. Aka aika a nemo kara, sai aka ga wani tsohon kara, busasshe, ajiye a gefenta, an riga an karye shi. Aka gwada, bai ragu ba bai ƙaru ba.

Kabarinta yana can bayan fararen ƙubbobi, kusa da na Kuluwa, an kifa masa tsohon kaskon ƙosai. Masu ziyara ba sa ƙarasawa wurin.

Labari ya naɗe tabarmarsa a nan. Mai son miƙe ƙafa, yanzu ya miƙe.